Yadda Ake Karatun Digirin Injiniyan Lantarki da Kwamfuta: Jagora ga Ɗaliban Sakkwato

Duk shekara idan hukumar JAMB ta buɗe rajista, ba na rasa baƙi a wurin aikina. Uba zai shigo da yaro a bayansa, bayan an gaisa ya ce, "Injiniya, ga ɗanka nan. Babu rediyon da bai kwance ba a gida, fankar masallacinmu ma shi ne ya tayar da ita, don haka lantarki muke so ya karanta." Nakan yi murna da irin wannan yaro, domin hannu mai ƙaiƙayin kwance abu baiwa ce. Sai dai tambayar da nake fara yi masa ita ce sakamakon da ya samu a lissafi, kuma sau da yawa a nan ne yaron yake sunkuyar da kai.

Karatun injiniyan lantarki da na kwamfuta da ƙafa biyu yake tafiya, wato lissafi da aikin hannu. Jami'a za ta ɗora maka na farkon ko kana so ko ba ka so, amma na biyun ɗanɗano kawai za ta ba ka, sauran kuwa kai ne za ka nema wa kanka. Abin da ke biye bayani ne na yadda ake riƙe su duka biyun daga ranar sayen fom har zuwa ranar kare aikin kammalawa. Na yi amfani da lafazin namiji don sauƙin rubutu, amma maganar ta haɗa da 'yan mata, kuma waɗanda na yi aji da su ba su bar mana komai ba a jarrabawa.

Kafin a sayi fom

Ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO ko NABTEB, kuma huɗu daga ciki ba a sasauta su: Ingilishi, lissafi, fiziks da kemistiri. Na biyar yakan kasance wani darasin kimiyya ko na fasaha. A jarrabawar JAMB ma waɗannan huɗun za ka zaɓa, ana auna su bisa maki 400. Yaran da suka saka bayoloji a gurbin lissafi saboda mai shagon rajista ya cike musu fom da ka sun yi asarar shekara guda, don haka ka zauna kusa da shi ka karanta abin da yake shigarwa, kuma ka tabbata sunanka da ranar haihuwarka a lambar NIN sun yi daidai da na takardun makaranta.

Daga nan sai zaɓen jami'a. A gida muna da Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, kuma tana da tsangayar injiniya mai sashen lantarki. Wanda ke son digiri mai ɗauke da sunan injiniyan kwamfuta kai tsaye yana iya duba Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Jami'ar Bayero ta Kano, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna. Ko wace ka zaɓa, ka bincika matsayin kwas ɗin a wurin hukumomi biyu, wato NUC mai kula da jami'o'i da COREN mai kula da sana'ar injiniya, domin digirin da COREN ba ta amince da shi ba yana jawo wahala ranar da mutum zai nemi rajista a matsayin cikakken injiniya.

Akwai ruɗanin da ya kamata a warware tun yanzu. Kimiyyar kwamfuta daban, injiniyan kwamfuta daban. Ta farkon yawanci shekara huɗu ce, kuma hankalinta yana kan manhaja da tsarin sarrafa bayanai. Ta biyun shekara biyar ce, reshe ce da ta tsiro daga injiniyan lantarki, kuma mai karanta ta zai sha da'irorin lantarki da injuna kafin ya kai ga cikin kwamfutar. Wanda burinsa rubuta manhajar waya ne kawai, ba lallai ne ya bi doguwar hanyar ba.

Wanda bai samu gurbi ba kada ya zauna gida yana jiran baɗi. Difloma ta ƙasa a fannin lantarki daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ko ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, ko ta Ƙauran Namoda, tana ba mutum damar neman shiga aji biyu kai tsaye idan sakamakon ya yi kyau. A ganina waɗanda suka biyo ta wannan hanya sun fi kowa sakewa a ɗakin gwaji, ko da yake lissafin aji biyu yakan girgiza su a zangon farko.

Yadda shekarun biyar suka jeru

Shekarar farko kimiyya ce zalla: lissafi, fiziks, kemistiri da darussan gama-gari. Yaro zai ga kamar maimaicin sakandare ne, ya saki jiki, kuma a nan ne da yawa suke haƙa ramin da za su shekara huɗu suna cikewa. A shekara ta biyu ana haɗa dukkan ɗaliban injiniya wuri guda, a koya musu zanen injiniya, ƙarfin kayan gini, ilimin zafi, tafiyar ruwa, tushen lantarki da rubuta manhaja, a kuma shigar da su bita su riƙe zarto da ƙarfen walda. Kada ka raina waɗannan da cewa ba fanninka ba ne, domin ranar da za ka kafa famfon sola a fadama sai ka lissafa tsawon bututu da nauyin ruwa kafin ka san girman motar da za ta ja shi.

Shekara ta uku ita ce ƙashin bayan karatun, kuma ita ce mafi nauyi. A nan ake shiga nazarin da'ira da gaske, da filayen lantarki da maganaɗisu bisa ƙa'idojin Maxwell, da tiransisto, da lantarkin dijital, da taransifoma da janareta. Shekara ta huɗu zango ɗaya ne a aji, inda ake karanta sarrafa na'urori, sadarwa, rarraba wuta da ƙananan ƙwaƙwalen kwamfuta, sai zango na biyu a tafi koyon aiki. Ta biyar kuwa ta zaɓen ɓangare ce da aikin kammalawa. Sunayen darussa suna bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma jerin kusan ɗaya ne, kuma kowane hawa a kan na ƙasansa yake zaune. Wanda ya tsallake lissafin kalkulas da lambobi masu sarƙaƙiya da haddar dare ɗaya zai sake haɗuwa da su a aji uku, a lokacin da malami ba shi da sararin komawa baya.

Yadda ake karanta lissafin injiniya

Ba a karanta shi da ido kamar labari, da biro ake karanta shi. Ƙa'idar da na ga ta yi wa mutane amfani ita ce a warware tambayoyi biyar zuwa goma kowace rana daga darasin da aka yi a ranar, kafin a kwanta. Ka rufe amsar da ke littafin, ka yi naka, sannan ka kwatanta. Idan ka kuskure, kada ka yage takardar. Ka ja layi a ƙarƙashin inda ka kauce, ka rubuta dalilin a gefe. Bayan wata guda za ka ga kurakuranka ba su wuce iri uku ko huɗu ba, yawanci alamar ragi da ta ɓace, ko mili da aka ɗauka a matsayin maikiro, ko kalkuleta da aka bari a ma'aunin digiri alhali ana buƙatar radiyan.

Dokar Ohm ta 1827 da dokokin Kirchhoff biyu na 1845 su ne fatihar wannan fanni, kuma bai isa a haddace su ba sai an san abin da suke faɗa. Dokar Kirchhoff ta farko cewa take yi duk wutar da ta shiga mahaɗa sai ta fita, ba ta taruwa a wurin, kamar yadda ruwan da ya shigo babbar hanyar ban-ruwa yake rarrabuwa zuwa fangaloli ba tare da ya ƙaru ko ya ragu ba. Idan za ka iya bayyana wa ƙanenka ƙa'ida da Hausa har ya gyaɗa kai, ka fahimce ta. Idan sai da Turancin littafi kake iya maimaita ta, da saura. Wannan ba yana nufin a yi sakaci da Ingilishi ba, domin da shi za ka rubuta rahoton gwaji, da shi za ka karanta takardar bayanin kowace na'ura, kuma da shi za a yi maka tambayoyi ranar kare aiki.

Lokacin karatu ma abin tsarawa ne a garinmu. A watannin Maris, Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma wanda ya ce zai zauna da lissafin Laplace da ƙarfe biyu na rana yaudarar kansa yake yi. Tsakanin sallar asuba da fitowar rana ƙwaƙwalwa ta fi ɗauka, sai a ajiye mai wuya a wannan lokaci, a bar kwafar rubutu da zane zuwa yamma. Mai zuwa jami'a daga cikin gari, daga Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo, ya sa lokacin jiran mota da tafiyar hanyar Kwalkwalawa cikin lissafinsa, musamman ranar da ke da lakcar ƙarfe takwas, domin jami'o'i da yawa suna sharɗanta halartar kashi 75 cikin ɗari kafin a zauna jarrabawa. Ka nemi abokan karatu uku ko huɗu, kada su wuce haka, kuma ya kasance kowa ya gwada tambayoyin shi kaɗai kafin a haɗu. Tambayoyin shekarun baya suna da amfani don sanin salon malami, amma a fara su tun mako na huɗu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka kuma fahimci yadda ake lissafa sakamako tun a makon farko. A ma'aunin maki biyar, A tana farawa daga 70 kuma tana da maki 5, B daga 60 da maki 4, C daga 50 da maki 3, haka har zuwa F da ba ta da komai. Ana ninka makin da nauyin darasin. A ce ka ɗauki darussa uku masu nauyi 3 da 2 da 3, ka samu A a na farko, C a na biyu, ka faɗi na uku. Jimillarka 21 ce, a raba da 8, ka tashi da 2.63. Da a ce na ukun C kawai ka samu, jimillar za ta zama 30, ka tashi da 3.75. Faɗuwa ɗaya ta sauke ka daga rukunin babbar daraja ta biyu, wadda ke farawa daga 3.50, kuma ga darasin yana jiranka baɗi a kan nauyin sabuwar shekara. Saboda haka darasin da kake tsoro shi ne za ka fi ba lokaci, kuma makin gwajin tsakiyar zango, wanda yakan kai 30 ko 40 cikin ɗari, ba abin bari ba ne.

Horar da hannu

A ɗakin gwaji ɗalibai goma suna iya zagaye na'ura ɗaya, mutum biyu su taɓa, sauran su kwafi lambobi. Ka zama cikin biyun. Bayan haka ka haɗa ɗan akwatinka a gida tun daga aji biyu: maltimita (mitar auna wuta), allon gwaji mai ramuka, ƙarfen dalma, ƙullin rezisto da kafasito da ƙananan fitilun LED, da allon Arduino Uno mai ƙaramar ƙwaƙwalwar sarrafa na'ura idan hali ya yi. Ba sai an saya rana ɗaya ba, kuma mutum uku suna iya haɗa kuɗi. Matattun rediyoyi da cajojin da masu gyara ke zubarwa ma'adini ne na kayan gwaji ga wanda ya iya cire su da dalma.

Gwajin farko shi ne kunna fitilar LED daga wutar bolt 5. Jar fitila tana cin kusan bolt 2, saura 3 kenan da rezisto zai ɗauke, kuma idan kana son miliamfiya 20 ta wuce, sai ka raba 3 da 0.02, ka samu om 150. Ka saka, ka auna, ka ga ko mita ta yarda da takardarka. Ba za su zo daidai cif ba, kuma neman dalilin wannan ɗan bambanci shi ne farkon zama injiniya.

Ni kaina maltimita ta farko da na saya da kuɗin da na tara na wata biyu ba ta yi mako guda ba. Na auna wutar da wata ƙaramar fanka ke ja, na bar jan wayar a ramin amfiya, sannan na juya na tsoma ta cikin soket ɗin bango don in ga ko an kawo wuta. Sai ƙara da walƙiya, bakin wayar ya yi baƙi, ɗakin ya ɗauki ƙauri. A ramin amfiya mita kusan waya ce miƙaƙƙiya, don haka abin da na yi shi ne haɗa wuta da wuta kai tsaye. Tun daga ranar nake mayar da jan wayar ramin bolt da zarar na gama awo. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce mai juyi 50 a daƙiƙa, kuma miliamfiya 'yan gomiya da suka ratsa ƙirji sun isa su tsayar da zuciya. Ka yi gwaje-gwajenka da batir har sai ka samu mai kula da kai, kada ka taɓa waya don an ce maka an ɗauke wuta sai ka auna da kanka, kuma ka tuna babban kafasito na cikin inbata ko talabijin yana riƙe caji bayan an zare shi daga bango.

Ta ɓangaren kwamfuta, tsohuwar laftof mai lafiyayyen batir ta fi sabuwa mai tsada da za ta jefa gida cikin bashi. Ka koyi yaren C sosai, domin da shi ake magana da ƙananan ƙwaƙwalen na'urori, sannan ka ƙara da Python don lissafi da zana jadawali. LTspice kyauta ce don gwada da'ira kafin a haɗa ta, KiCad kyauta ce don zana allon da'ira, GNU Octave kuma tana yin yawancin abin da za a nema daga gare ka a manhajar lissafi ta MATLAB. Kallon bidiyon darasi ba koyo ba ne sai ka rufe shi ka rubuta abin da hannunka ya yi aiki.

Wata shida na koyon aiki

Shirin koyon aiki na SIWES, wanda hukumar horas da ma'aikatan masana'antu ta ITF ta ƙirƙiro a 1973, shi ne mafi tsawon lokacin da za ka yi a fagen aiki kafin kammalawa. Ka fara neman wuri tun farkon aji huɗu. A yankinmu akwai kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda ke kula da Kaduna, Kebbi, Zamfara da Sakkwato, akwai tashar kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa, TCN, inda layin kilobolt 132 daga Birnin Kebbi yake sauka, akwai kamfanin siminti na Kalambaina, da gidajen rediyo da talabijin, da masu kula da turakun sadarwa, da Cibiyar Binciken Makamashi da ke cikin jami'ar Danfodiyo, wadda ta daɗe tana aiki a kan hasken rana. Ka zaɓi wurin da za a ba ka sifana, ko da ƙaramin kamfanin sola ne, a kan babban ofishin da za ka wuni kana kallon bango. Kuma ka girmama masu aikin hannu da ka tarar. Dattijon da ya shekara ashirin yana hawa falwaya ba zai rubuta maka lissafin taransifoma ba, amma daga ƙugin da take yi yana gane ta ɗauki kaya fiye da ƙima. Ka kira shi Baba ko Oga, ka ɗaukar masa jaka, ka yi tambaya. Littafin rahoton kuma a cike shi kowace rana da zanen abin da aka gani.

Aikin kammalawa

Ka zaɓi matsalar da za ka iya zuwa ka gani da idonka, kuma wadda kuɗin kayanta ba zai gagare ka ba. Manoman albasa da tafarnuwa na Wurno da Goronyo suna buƙatar na'urar da za ta kashe famfo idan ƙasa ta ƙoshi, masu shagon sanyi suna buƙatar abin da zai kare firji daga hawa da saukar wuta, kuma duk mai sola a garin nan yana fama da ƙurar hunturu a kan farantansa.

Ga irin tunanin da masu jarrabawa ke nema. A ce gida yana da ƙwan lantarki shida masu wat 10 na awa shida, fanka biyu masu wat 60 na awa goma, da talabijin mai wat 80 na awa huɗu. Wannan ya ba da 360 da 1,200 da 320, jimilla wat-awa 1,880 a rana. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da 2,400 a rubuce, amma idan na darma da ruwan asid ne ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, don haka sai biyu. Idan aka ɗauki awa biyar na cikakkiyar rana, farantan wat 376 sun isa a takarda. Sai dai ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25, alhali a kan rufin kwano a watan Afrilu farantin yana iya kaiwa 65, kuma yana rasa kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, wato kashi 16 kenan. Idan aka haɗa da ƙura da asarar waya da ta inbata, sai a nemi abin da ya kai wat 540. Ɗalibin da ya hau rufi ya auna zafin farantin da kansa, ya kwatanta wanda aka goge da wanda aka bari mako biyu, ya kawo lambobinsa a jadawali, ya fi wanda ya sayi haɗaɗɗen aiki a kasuwa, domin tambaya biyu ta isa ta tona wanda bai san cikin akwatinsa ba.

Ka riƙa kai wa malamin da ke duba ka rahoto ko bai nema ba, ka sayi kayan da ke saurin ƙonewa bibbiyu, kuma ka ɗauki bidiyon na'urar tana aiki, saboda na'urori suna da halin ƙin tashi a gaban kwamiti. Bayan kammalawa da hidimar ƙasa, ka shiga Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya a matsayin sabon mai digiri, ka riƙa adana bayanin duk aikin da ka yi da kwanan wata da sunan injiniyan da ya kula da kai, domin waɗannan takardu ne COREN za ta nema idan lokacin rajistarka ya yi, kuma sai bayan rajistar doka ta yarda ka sa laƙabin injiniya a gaban sunanka.